Daga Kankiya Zuwa Kusada A Ƙasa

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata al'ada ta mutanen ƙasashen da ke gewaye da Bahar Rum wadda in muka gaya wa tsofaffinmu sai su yi dariya. Mutum ne da gidansa, da motarsa, da abin hannunsa, ba wanda ya kore shi, ba kuwa wanda ya aike shi, sai ya sami hutu ya goya jaka, ya ɗauki sanda, ya shiga tsakanin tuddai da gonakin zaitun da na inabi, ya yi ta tafiya a ƙasa kwana bakwai ko wata guda, daga wannan ƙauye zuwa wancan. In ka tambaye shi abin da ya fita nema, sai ya ce maka tafiyar ita ce bukatarsa. A nan wurinmu kuwa, wanda aka ga ya miƙi hanya a ƙasa da rana tsaka sai a ce, "Wayyo, bawan Allah ya rasa kuɗin mota." In kuwa an gan shi da tufafi masu kyau, sai a shiga tambaya ko ƙalau ya ke.

To, amma ku lura da irin hanyoyin da mutanen nan ke bi. Tsofaffin turbobi ne na kakanninsu, waɗanda 'yan kasuwa da makiyaya da masu ziyara suka tattake tun zamanin da. A wajen shekara ta 990 wani babban malamin Kirista na Kantabari ta Ingila, sunansa Sijerik, ya komo gida daga birnin Rum, aka rubuta masaukansa 79 tun daga Rum har bakin tekun da ya raba Faransa da Ingila. Yau, bayan shekara dubu da ɗoriya, mutane na bin zangon nan ɗaya bayan ɗaya ta cikin tuddan Italiya, don takardar ba ta ɓace ba. A Faransa tun 1947 aka fara shafa fenti ja da fari a jikin duwatsu da itatuwa, don baƙo ya bi turba ba tare da ɗan jagora ba. A Turkiyya kuma, cikin 1999, aka harhaɗa tsofaffin hanyoyin alfadarai da na makiyaya na kudu maso yammacin ƙasar, suka zama hanya guda mai tsawon wajen kilomita 500. Ƙauyukan da samari suka watse suka bari, yanzu ga su suna sayar wa matafiya abinci da wurin kwana.

Mu fa? Haƙiƙa ba mu san wata al'umma da ta fi Hausawa tafiya a ƙasa ba. Fatake sun tashi daga ƙasar nan da jakuna sun tafi Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, da madugunsu, da jagabansu, da uban dawakinsu. Alhazai sun bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, waɗansu shekara biyar, waɗansu goma kafin su komo. Ga shi jikokinsu, watau ku, in muka tambaye ku babban birnin Italiya sai hannuwa su tashi kamar karan dawa, amma in muka ce turbar da ta bi ta bayan makaranta ina ta nufa, sai aji ya yi tsit. Wannan abu ya daɗe yana damunmu. Shi ya sa muka yi shawara da 'yan babban aji, muka ce bari mu gwada tafiya daga Kankiya zuwa Kusada a ƙasa, mu ƙi bin kwalta, mu ga abin da ƙasa za ta karantar da mu.

Kafin mu tashi, ya kamata ku san Bahaushe bai haɗa hanyoyi duka ya ba su suna ɗaya ba. Akwai turba, ita ce siririya ta mutum ɗaya, wadda ƙafa ta yi ba fartanya ba. Akwai gwadabe, mai faɗi, wanda ayari ke bi. Akwai burtali, hanyar dabbobi tsakanin gonaki, wadda a kan shinge ta dama da hagu da aguwa ko dashi ko bi-ni-da-zugu, don shanu su wuce daga makiyaya zuwa mashaya ba su taɓa shukar kowa ba. Sa'an nan akwai labi, inda shanu ke bi su kuma yi kiwo. Duk harshen da ya rarrabe abu haka, to, masu harshen sun san abin ƙwarai.

Ba mu tashi haka kawai ba, zamanin tashi haka kawai ya wuce. Kun san abin da ya faru a Ƙanƙara ran 11 ga Disamba 1920 da ɗari, watau 2020, sa'ad da ɓarayin daji suka kwashi 'yan makaranta fiye da 300, sai bayan kwana shida aka sako su. Tun daga ran nan babu malamin da zai fita da 'ya'yan mutane bayan gari zuciyarsa ba ta ɗar-ɗar. Saboda haka muka nemi yardar iyaye tukuna, muka je muka gai da hakimi muka faɗi nufinmu, aka aika wa masu unguwannin da za mu ratsa, aka ce mana ga inda za mu bi, ga inda ba za mu bi ba. Muka yanke kuma lalle mu isa kafin la'asar. Yara goma sha huɗu ne, da mu malamai biyu. Kowa da gorar ruwansa, da ƙuli-ƙuli, da ɗan littafi da fensir.

Cikin watan Nuwamba ne, kaka ta yi, sanyi ya fara saukowa. Ana sallame sallar asuba muka fito, muka ƙetare babbar hanyar Katsina zuwa Kano, manyan motoci na ta gurnani a bakinta, muka sa gabas gaba. Ba mu yi rabin sa'a ba sai ƙarar ta ɓace sarai, ba ka jin kome sai kukan kurciya da sautin taɓarya daga wani gida can nesa. Gero an daɗe da yanke shi, yana rumbu. Dawa ce a ke kai, wata an karya ta an kwantar, wata an ɗaure damuna an jingine. Harawar wake kuwa an ɗora ta bisa rassan itatuwa don kada awaki su kai gare ta, sai ka ga itace ya yi kamar ya sa hula. Duk gonar da muka ratsa sai mun ce, "Sannunku da aiki," su ce, "Yauwa, sannunku da zuwa, ina aka nufa haka?" In muka ce Kusada, sai a ce, "A ƙasa? Malam, ai ga tasha can baya kun wuce." Sau biyar aka gaya mana haka kafin hantsi, har yara suka riƙa ƙidayawa.

Abin da muka fara sa su rubutawa shi ne itatuwa. Wanda bai lura ba sai ya ce daji ne aka sassare ya saura ɗai-ɗai, alhali kuwa kowane itacen da ke tsaye cikin gona, da gangan manomi ya bar shi. Ɗorawa don kalwa, wadda a ke daddawa da ita. Kuka don miya da igiya. Tsamiya don kunu, kanya da aduwa don 'ya'yansu. Amma wanda muka fi daɗewa a gindinsa shi ne gawo, don halinsa ya saɓa wa na 'yan'uwansa duka. Da damina, sa'ad da kowane itace ke ado, shi sai ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara, rana ta sami shukar da ke ƙarƙashinsa, ganyen da ya zuba kuwa ya zama taki. Da rani ya yi, sai ya tofo, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kuma su bar masa kashinsu a gindi. Saiwarsa har wa yau tana tara wa ƙasa irin sinadarin nan da manoma ke saye da tsada cikin buhun takin zamani. Muka sa yara suka gwada kaurin karan dawa na gindin gawo da na sarari, ba sai mun ƙara magana ba.

Wanda ya fi kowa yawa kusa da gidaje kuwa, watau darbejiya, wadda mu Katsinawa ke kira bedi, baƙuwa ce. Asalinta Indiya, sai a 1928 aka shigo da ita Barno, daga nan ta bazu. Yara suka yi ta mamaki, don su a zatonsu tun ran gini tun ran zane ta ke nan.

Da hantsi muka iske wani ɗan dutse, irin faffaɗan nan mai santsi da mata ke shanya a kansa, muka hau. Ba wani tsawo gare shi ba, mutanen Bahar Rum ba za su ko kira shi tudu ba, amma ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ɗan tashi kaɗan sai ya ba ka nisa. Ga gonaki har iyakar gani, ga rumbuna, ga ƙoramu sun yi layi-layi da duhun itatuwa. A nan muka gaya musu abin da ke cikin taswira amma ba su taɓa sa shi a rai ba. Ƙasar nan ta tsakanin Katsina da Kano doro ce mai raba ruwa biyu. Ruwan da ya gangara yamma da arewa, in ya shiga gulbin Gada, sai ya bi ta Jibiya, ya shiga ƙasar Nijar ya wuce ta Maraɗi, ya komo ya haɗu da Rima, Rima ta miƙa shi ga Kwara, Kwara ta kai shi teku. Wanda ya gangara gabas kuwa sai ya nufi ƙasar Kano, ya bi ta Haɗeja, ya doshi Tafkin Cadi, shi da teku har abada. Wani yaro ya ce, "Malam, ashe hadari ɗaya na iya zubo da ruwan da rabinsa zai ga teku, rabi ba zai gani ba?" Muka ce labudda.

Da muka sauko sai muka faɗa wani burtali, shi ne kuwa abin da ya sa muka ɗauki alƙalami muka rubuta muku wannan. Da farko yana da faɗi, aguwa ta yi masa katanga dama da hagu, ƙasarsa ta yi laushi don tattakar kofato, ga sawun shanu sabo. Muka sa yara suka auna da taki, aka sami taki talatin da biyu. Muka yi gaba kaɗan, sai muka ga shingen hagu ya matso. Aka sake aunawa, goma sha takwas. Can gaba kuma, bakwai. Daga nan sai ga kunyoyin gyaɗa sun ratsa shi gaba ɗaya, ba abin da ya saura sai 'yar turba wadda mutum biyu ba su jerawa. Kututturan tsohuwar aguwa suna nan cikin gonar a jere, suna ba da shaidar inda iyaka ta ke a da.

Akwai rijiya kusa, wani dattijo na zaune bakinta yana tufkar igiya. Muka yi sallama, muka durƙusa muka gaishe shi, muka ce, "Baba, wannan burtali ina ya nufa?" Ya ce, "Da dai, Malam, fadama ya nufa. Yanzu kuwa ga inda ya nufa nan kuna gani." Ya ce sa'ad da ya ke yaro garke biyu kan yi kiciɓis a cikinsa su wuce ba su gauraya ba, kuma in kaka ta yi mahaifinsa kan aika wa Filani da damin gero da goro, yana roƙonsu su zo su sauka gonarsa, don shanu su ci kara su bar masa taki. Muka ce, "To, Baba, wa ya cinye hanyar?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ba wanda ya cinye ta. Kowa dai kunya ɗaya ya ƙara." Ya dubi yara ya ce, "Samari, ni 'ya'yana maza shida ne, gonar kuwa ita ce dai wadda na gada. Ku da kuka yi lissafi a makaranta, ku raba mini."

Ba mu ga laifin maganarsa ba. Ƙidayar 1991 ta sami mutum miliyan 3.7 a Jihar Katsina, ta 2006 ta sami miliyan 5.8, ƙasa kuwa ko taki ɗaya ba ta ƙaru ba. Takin zamani ya zo, manomi ya ga bai da sauran bukatar garken Bafillace. Kara da harawa, waɗanda a da a ke bar wa dabbobi kyauta, sun zama kayan sayarwa. Fadamar da shanu ke sha an kewaye ta an shuka tumatir da albasa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hujjarsa. Amma fa saniya ba ta tashi sama. In ta taso daga makiyaya za ta mashaya, ta iske hanya ta toshe, cikin gonar wani za ta bi, daga nan sai sanda, daga sanda sai kara wurin alƙali, daga nan sai gaba wadda 'ya'ya za su gada. Ba mu ce duk masifar ɓarayin daji daga burtali ta fito ba, wannan magana ce mai rassa da yawa, akwai zalunci, akwai talauci, akwai bindigogin da suka kwararo daga ƙetare. Amma wanda ya ce toshewar hanyoyin dabbobi ba ta cikin ƙofofin da masifar ta shigo ta ciki, to, bai yi tafiya a ƙasa ba.

Abin da ke ba mu haushi shi ne, waɗansu sun gamu da irin wannan matsala sun yi maganinta da takarda da ma'auni. A ƙasar Sifen akwai manyan burtulan tumaki da suka ratsa ƙasar daga duwatsun arewa zuwa filayen kudu. Tun 1273 Sarki Alfonso na 10 ya ba ƙungiyar makiyayan ƙasar takardar kariya, an kuma yanke wa babban burtali faɗinsa, wajen mita 75. Da zamani ya juya, jirgin ƙasa da mota suka zo, manoma da magina suka shiga cinsu kamar yadda a ke yi a nan, sai aka yi doka a 1995 wadda ta ce burtulan nan, masu tsawon wajen kilomita 125,000 in an haɗa, dukiyar jama'a ce, ba a sayarwa, kuma daɗewar mutum a kansu ba ta mai da su nasa. Tun 1994 makiyaya kan koro tumaki ta tsakiyar birnin Madrid da kaka, don a tuna titin nan asalinsa burtali ne. A kan waɗannan hanyoyi ne da yawa daga masu yawon da muka faɗa muku ke tafiya yau. Mu ma fa muna da doka, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi ta keɓe wuraren kiwo tun 1965. Sai dai doka na Kaduna cikin kabad, kunya kuwa na nan bakin shinge, kowace damina tana matsowa. Burtalin da ba a auna ba, ba a zana ba, ba a kafa masa turaku ba, ranar da dattijon bakin rijiya ya kwanta dama, wa zai tsaya gaban alƙali ya ce ga inda ya bi?

Muka sha ruwa, muka yi masa godiya, ya sa mana albarka, muka wuce. Rana ta fara zafi, ƙarangiya ta kama ƙafafun wanduna, surutu ya ragu. Wajen sha ɗaya muka sami waɗansu 'yan mata na Filani a gindin tsamiya, muka sayi fura da nono, kowa ya sami ƙarfi.

A nan muka buɗe taswira muka sa su karanta sunayen garuruwan yankin da ƙarfi, don suna kan riƙe abin da mutane suka manta. Ga Kafin Soli, ga Kafin Dangi. Mene ne kafi? Shingen itace ne da a ke kafawa a kewaye ƙauye don tsaro. Bayan da Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, aka yi shekaru da yawa ana kai wa juna hari, mahaya kan faɗo wa ƙauyuka su kwashi mutane da dabbobi. Wanda bai da ganuwa sai ya yi kafi. Ashe rashin kwanciyar hankali ba yau ya fara ziyartar ƙasar nan ba, ya zo, ya kuma taɓa tafiya. Ga Rimaye, jam'in rimi ke nan. Ga Tafashiya, sunan itace ne. Ga Gidan Mutum Ɗaya can bakin babbar hanya, wanda yau in ka je ka ƙidaya gidajensa sai ka gaji. In kuwa kuna tafiya kuka ga kukoki sun taru wuri guda a fili, ba gida ko ɗaya, ku duba ƙasa, za ku ga katangar tukwane da toka. Kufai ne, gari ne ya tashi. Mun ratsa ɗaya bayan azahar, yara suka cika aljihu da sakaina da ɓaraguzan tukunya, muka sa suka mayar inda suka ɗauka, don abin tarihi in ya bar wurinsa rabin labarinsa ya zube.

Wajen ƙarfe biyu da rabi muka hango Kusada, garin Bebejin Katsina. Tsakaninta da Kankiya bai fi kilomita 20 ba in tsuntsu ne, amma mu da kewaye-kewayenmu mun ɗara haka. Muka zauna a inuwa bayan gari, muka ba su labarin wani da ya riga mu isowa nan da shekara fiye da 170.

Sunansa Barth, mutumin Jamus ne, Gwamnatin Ingila ta aiko shi, a ƙasashen nan kuwa Abdulkarimu a ke kiransa. Ya ƙetaro hamada daga Tarabulus, ya iso Katsina cikin Janairu 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello, wanda ya riƙe shi kwanaki kafin ya sallame shi. Ya bar Katsina ran 30 ga Janairu, ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu, kwana huɗu ke nan, kuma ta Kusada ya bi. Mutum ne mai rubuta duk abin da idonsa ya gani, har da sunayen itatuwa da Hausa. Ya yaba kyan ƙasar nan ta tsakanin Katsina da Kano ƙwarai, shi da ya ga ƙasashe da yawa. Ya sami Kusada gari ne babba, da ganuwarsa tsaye, cikinsa cike da itatuwa, ɗakuna na ƙasa da jinka, ya kuma ce irin ginin nan shi ya fi dacewa da yanayin ƙasar. Da zai fita gari ya gamu da ayarin mata, kowace ta jero manyan ƙore a kanta, suna kai kaya kasuwa. Littafinsa ya fito a 1857 da 1858, juzu'i biyar.

Ku lura da abu guda. A zamaninsa Kusada a kan gwadaben Katsina zuwa Kano ta ke, duk ayarin da ya taso daga arewa sai ya sha ruwanta. Da Turawa suka zo aka yi hanyar mota, sai ta bi ta Kankiya da Yashe da Tsanyawa da Bici, ta bar Kusada a gefe. Kankiya ta samu, Kusada ta koma jiran wanda ya nufo ta musamman. Haka hanya ke yi wa gari. Da muka shiga, jinka ta zama kwano, ƙasa ta zama bulo, yara kuwa da suka ji zafin da kwanon rumfar da muka sauka ke fesowa, sai ɗayansu ya ce, "Malam, ashe Abdulkarimu ya yi gaskiya." Muka tambayi wani dattijo ina ganuwa ta bi, ya ɗaga sanda ya zana mana ita a iska, daga can ta kewayo nan. Muka tambaye shi tsohon gwadaben Kano, ya ce wani yanki nasa na nan ana bi, wani ya shiga gona. Da la'asar muka hau mota muka komo, tafiyar da ta ci mana sa'a takwas ba ta cika sa'a guda ba, yara kuwa duk suka yi barci, ba wanda ya ga kome.

Yanzu ga aikin da mu ke so ku yi cikin hutun nan, ku na makarantun Gwamnati da ku na Mishan baki ɗaya, kowa a garinsu. Da fari ku je filin ƙwallo ku auna mita 100 da igiya, ku taka shi sau uku da tafiyarku ta kullum, ku ga taki nawa ya ke ɗaukarku. In kun riɓa wannan sau goma kun sami kilomita ɗaya, kun zama ma'auni ke nan. Sa'an nan ku nemi izinin iyayenku da na mai unguwa, ku tambaya ko hanya lafiya, in an ce a'a ku haƙura, kada ku yi gardama. In an yarda, ku tafi ku uku ko huɗu tare da wani babba, da safe, ku zaɓi turba ɗaya ko burtali ɗaya da ya fita daga garinku, ku bi shi iyakar kilomita uku. Ku rubuta inda ya faro da inda ya nufa, da kowace rijiya, da ƙorama, da kufai, da babban itace, da sunan da mutanen wurin ke kiransu. In burtali ne ku auna faɗinsa a wuri uku, ku kuma sami wanda ya fi kowa tsufa a unguwar, ku durƙusa ku gaishe shi, ku tambaye shi yadda faɗinsa ya ke sa'ad da ya ke yaro, da inda ya ke ƙarewa a da. Kada ku rubuta sunan mai gonar da ya ci iyaka, ba ƙara aka aike ku kai ba.

In kun komo ku zana taswirar bisa takarda mai faɗi, kwafi biyu. Ɗaya ku ba malaminku ya ajiye a makaranta, ɗaya ku aiko wa Edita, za a buga waɗanda suka fi tsabta a wannan shafi. Ku sa kibiya mai nuna arewa a kusurwar sama, ku rubuta ranar da kuka auna, da wata, da shekara, a kusurwar ƙasa.